Su a Tafki: Kifaye Masu Farauta da Dabarun Kama Su

6.0 Gabatarwa

A yawancin darussan da ake gabatarwa kan sana'o'in Hausawa na gargajiya, idan aka zo kan su, abin da akan yi shi ne a jero sunayen kayan aiki, a jero sunayen kifaye, a ambaci bikin Argungu, daga nan sai a wuce zuwa ƙira ko jima. Ɗalibi kan haddace jerin ya ci jarrabawa, ya fita ya zama malami, alhali bai san dalilin da ke sa masunci ya bar shimfiɗarsa tun kafin assalatu ba, bai kuma san abin da yake dubawa a kan ruwa kafin ya jefa birgi ba. Sunan kaya ba tare da sanin aikinsa ba ilimi ne rabi da rabi. Saboda haka wannan babi zai ɗauki yanayi guda ɗaya daga cikin yanaye-yanayen su ya yi masa duban tsanaki, wato lokacin da manyan kifaye suka taru a tafki suka koro ƙanana zuwa saman ruwa suna ci. Za a kafa misali da Tafkin Kainji, sannan a kwatanta da yadda ake kamun wani kifi mai suna bas a tafkunan Amurka, inda wannan yanayi ya zama fanni mai zaman kansa.

6.1 Kalmar Su da Danginta

Kalmar "su" mai nufin kamun kifi suna ce, jinsin namiji. A rubutun yau da kullum ba ta da bambanci da wakilin suna "su" na jam'i, amma a furuci karin sauti ya raba su: ta kamun kifi tana da karin sauti faɗau, wakilin suna kuwa, idan ya tsaya da kansa, karinsa na sama ne. Malamin da zai karanta wa yara jimla irin "su ne suka tafi su" ya kamata ya fitar da wannan bambanci a bakinsa tun kafin ya yi bayaninsa a allo.

Mai yin sana'ar shi ne masunci, mace masunciya, jam'i masunta. A nan akwai kyakkyawan misali na ganɗantawa, domin /t/ ɗin da ake ji a "masunta" ita ce ta koma /c/ a gaban wasalin /i/, kamar yadda ake samu a mahauci da mahauta. Akwai kuma Sarkawa, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni a bakin Kwara da Gulbin Kabi, ana kiran sana'arsu da asiranta sarkanci. Masana da dama na danganta wannan suna da Sorko, masuntan ƙasar Sanwai. Kowane Basarke na gado masunci ne, amma ba kowane masunci ne Basarke ba.

Sunan babban kifin da za a yi ta ambata a wannan babi ma abin lura ne. Giwa jinsin mace ce, don haka bisa ƙa'ida "giwar ruwa" ya kamata a ce, kuma akwai masu faɗin haka. Amma abin da ya fi yawa a bakin masunta da 'yan kasuwa shi ne "giwan ruwa", suna kuma cewa "ya yi girma", "an kama shi". Da alama harɗaɗɗen sunan ya bi jinsin kalmar kifi ne, ya bar jinsin giwa. Bai dace malami ya yi saurin jan jan biro a kan wannan ba, domin harshen masu sana'a shi ma hujja ne.

6.2 Tafkin Kainji

Tafkin Kainji ba na asali ba ne. An fara gina madatsar ruwan a kan Kogin Kwara a 1964, aka kammala a 1968, domin samar da wutar lantarki. Ruwan da ya taru a bayanta ya kai tsawon kilomita 136 ko kusa da haka, inda ya fi faɗi kuma ya kai kilomita 24, ya shafi jihohin Neja da Kebbi na yanzu. Tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ta nutse, aka gina sabuwa. Mutane fiye da 40,000 aka sauya wa matsuguni, ciki har da Gungawan ƙasar Yawuri da ke zaune a tsibirai.

Ruwa sau biyu yake zuwa wa wannan tafki a shekara. Na farko shi ne na damina, wanda ke gangarowa daga koguna na kusa ɗauke da laka, ana yi masa laƙabi da farin ruwa. Na biyu kuwa yana tasowa ne tun daga tsaunukan ƙasar Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, sai ya iso cikin hunturu garau, shi ne baƙin ruwa. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga abin da ke tafe, saboda kifin da ke farauta da ido ya fi samun yadda yake so a ruwa mai haske.

6.3 Warangi da Masu Cin Sa

Da kogi ya koma tafki, sai rayuwar cikinsa ta sauya. Ruwan da ya daina gudu ya ba wasu ƙananan halittu, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu, damar yaɗuwa a sararinsa. Waɗannan su ne abincin wasu 'yan kifaye farare, dangin sadin, da masuntan yankin ke kira warangi. Iri biyu ne suka fi yawa a Kainji. Ɗaya bai cika wuce santimita 3 ba, ɗayan kuwa yakan kai tsawon ɗan yatsa. Da can a kogi ba su da wani tasiri, amma a tafki sai suka hayayyafa har suka zama ginshiƙin abincin manyan kifaye.

Warangi ba ya tafiya shi kaɗai. Dubbai ne ke haɗuwa su zama garke, su juya tare, su nutse tare, tamkar jiki guda. Wannan taro kariya ce. Idanu sun yi yawa, don haka da wuya maharbi ya matso ba a gan shi ba. In ma ya matso, ƙyallin jikinsu da ke walƙiya ta kowane ɓangare kan rikita shi ya rasa wanda zai bi. Da rana garken kan yi ƙasa inda haske ya ragu, da almuru kuma ya taso sama yana bin abincinsa, ya kwana a can har gari ya fara wayewa. Ke nan asuba da almuru su ne lokutan da garken ke kusa da saman ruwa alhali akwai hasken da ya isa maharbi ya gan shi. Amsar tambayar da aka yi a gabatarwa ke nan game da sammakon masunci.

Maharban da suka fi shahara biyu ne. Na farko shi ne kifin tsage, mai dogon jiki da ratsi-ratsi a gefe, da haƙora masu shiga tsakanin juna kamar na zarto. Shi ne ainihin mai farautar taro, domin matsakaitansa kan haɗu su bi garken warangi a sararin tafki, kuma binciken da aka yi a shekarun farko na tafkin ya nuna cewa warangi ya zama babban abincinsa. Na biyu shi ne giwan ruwa, wanda kan kai tsawon mita 2 da nauyin da ya doshi kilo 200, ko da yake irin wannan ya yi wuyar gani. Wanda ya ci gasar Argungu ta 2005 kilo 75 ya yi, kuma sai da mutane suka taru kafin a ɗora shi a kan sikeli. Giwan ruwa ba ya yanka abinci da haƙori kamar tsage. Buɗe baki yake yi farat ɗaya, ruwa ya kwarara ciki tare da abin da ke gabansa. Ƙananansa da matsakaita kan shiga cikin masu bin garke, manya kuwa sun fi son zurfi da gindin duwatsu da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, inda suke kwanton ɓauna.

6.4 Karanta Ruwa

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma babu wanda ya fi masunci riƙo da wannan magana. Idan maharba suka sami garke, sukan shiga ƙarƙashinsa su yi ta matsa shi sama. Saman ruwa a wurin kifi bango ne, ba shi da inda zai wuce. Da garken ya ƙure, sai a ga wuri guda a tafkin ya ɗauki ɓarɓashi kamar ana yayyafi, sannan ya rikiɗe kamar tukunya na tafasa, 'yan kifaye na tsalle suna watsuwa, ana jin ƙarar bugun wutsiya. Wani lokaci ba a sama ake ƙure su ba, sai a kora su zuwa kan yashi mara zurfi, ko lungun da wani rafi ke shigowa, ko gefen tsibiri. Abin bai cika daɗewa ba. Cikin 'yan mintoci garken kan ɓalle ya nutse, ruwa ya kwanta kamar ba a yi komai ba, can kuma sai ya sake ɓullowa a wani wuri.

Tun kafin ido ya kai ga ruwan, tsuntsaye sun riga sun ba da labari. Masu shawagi a kan tafki kan taru wuri guda suna faɗawa ruwa suna tashi, domin abin da kifi ya koro daga ƙasa su ma rabonsu ne. A bakin gaɓa kuwa, zalɓen da ya daina tsayuwar jira ya shiga kai da kawowa alama ce cewa an koro 'yan kifaye zuwa tudu. Iska ma tana da nata bayani: gefen da take bugawa nan take tara ƙananan halittun da warangi ke ci, warangi ya bi su, maharba su bi shi. Masuncin da ya san wannan yakan haƙura da tashin igiyar ruwa ya nufi gefen da iska ke dukansa, maimakon ya fake inda ruwa ke kwance.

Ganin wurin abu ne daban, isa gare shi kuma daban. A gefen jikin kifi akwai wani siririn layi daga kai zuwa wutsiya, wanda da shi yake jin motsin ruwa, ban da jin da yake yi da kunnuwansa na cikin kai. Bugun filafili a jikin kwalekwale, ko faɗuwar gwangwani a cikinsa, ko rurin inji, duk suna isa gare shi. Wanda ya kutsa tsakiyar garke da gaggawa ya kashe kasuwar da kansa, ya kuma kashe wa na kusa da shi. Don haka ƙwararre kan dakata nesa kaɗan, ya lura da inda garken ya dosa, ya zagaya ya tare gabansa, sannan ya bar iska ta tura jirgin a hankali. Karin maganar nan ta "kifi na ganinka mai jar koma" ba adon magana kawai ba ce, bayanin halin kifi ce daga bakin waɗanda suka zauna da shi.

Kayan aikin da za a ɗauka ya danganta da wanda ake nema. Birgi, wato ragar da ake jefawa ta buɗe kamar laima ta nutse da nauyin dalma, ya dace da wuri mara zurfi inda aka ƙure garke. Kalli akan kafa shi ne ko a sake shi ya bi ruwa a hanyar da kifi ke ratsawa, ya sarƙe shi ta maƙogwaro. Mai neman giwan ruwa kuwa ƙugiya ce abokiyar aikinsa, a soka mata ɗan kifi mai rai a sake ta ƙasa da inda ake hargitsin, domin manya ba su cika wahalar da kansu da tsere ba, suna ƙasa suna jiran waɗanda aka raunata su gangaro. Shi kuwa kifin tsage yakan datse zare da haƙori, shi ya sa ake ɗaura 'yar waya tsakanin ƙugiya da zaren.

Akwai wani abu kuma da ba a gani da ido. A lokacin bazara rana kan dumama ruwan sama, shi kuwa ruwan ɗumi ya fi na sanyi rashin nauyi, sai ya zauna a sama ya ƙi gauraya da na ƙasa. A hankali iskar shaƙa ta ƙare a can ƙasa. Giwan ruwa kifi ne mai buƙatar wannan iska sosai, ba kamar tarwaɗa ko gaiwa ba, waɗanda ke iya shaƙa daga sarari. Saboda haka a irin wannan lokaci maharba da abin farautarsu duk sukan takure a ruwan sama, kuma ƙugiyar da aka sake har ƙasa sai ta dawo yadda ta tafi.

6.5 Kifin Bas a Tafkunan Amurka

Abin da aka bayyana a sama ba a Kwara kaɗai yake faruwa ba. A Amurka akwai kifaye da dama da ake kira bas: akwai mai faɗin baki, akwai fari, akwai mai ratsi. Mai ratsin asalinsa na teku ne, yana shigowa kogi ne kawai don ya yi ƙwai. Da aka datse Kogin Santi a jihar Karolina ta Kudu a farkon shekarun 1940, sai wasu suka maƙale a bayan madatsar, aka kuma ga sun rayu sun hayayyafa a ruwan daɗi. Daga nan aka riƙa zuba irinsu a wasu tafkuna, kamar Tafkin Teksoma da ke kan iyakar Teksas da Oklahoma. Abincinsu wani ɗan kifi ne mai suna shad, wanda yake dangin warangi ne na nesa, yana kuma tafiya garke-garke kamarsa. Idan zafi ya fara sauka a watannin Satumba da Oktoba, shad kan nufi lungunan da rafuka ke shigowa, bas ya bi shi ya ƙure shi a sama, tsuntsaye su taru, ruwa ya tafasa.

Dabarun can da na nan sun yi kama ƙwarai. Shi ma Ba'amurke yakan kashe babban inji tun daga nesa. Yakan jefa ƙugiyarsa ta wuce garken sannan ya jawo ta ta ratsa cikinsa. Maimakon ɗan kifi mai rai, ya fi amfani da na roba ko na ƙarfe, kuma yana kula ƙwarai da girmansa ya yi daidai da na shad ɗin da ake ci a ranar, domin kifin da ya saba da ƙarami yakan ƙi babba. Idan yana son manya, sai ya sa mai nauyi ya bar shi ya nutse ƙarƙashin garken. Yana kuma da na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta zana masa garken a allo ko da ya nutse.

Inda aka rabu shi ne manufa. A can galibi nishaɗi ne da gasa, akwai lasisi, akwai iyakar yawa da girman abin da mutum zai tafi da shi gida, kuma da yawa sukan auna kifin su mayar da shi ruwa. A Yawuri kuwa abin da aka kamo shi ne cefane da kuɗin makaranta. Ba a kawo wannan kwatanci don a fifita wani a kan wani ba. Abin da ya kamata ɗalibi ya gani shi ne, abin da na'ura ke nuna wa wancan, wannan ya daɗe yana karanta shi daga tsuntsu da iska da launin ruwa, kuma ilimi ne da ya cancanci a rubuta shi da sunansa.

6.6 Matsalar Dala

A shekarun farko bayan cikar tafkin an sami kifi mai yawan gaske, domin ciyayi da gonakin da ruwa ya rufe sun zama taki. A wancan lokaci an ƙiyasta abin da aka kama cikin shekara guda da fiye da tan 28,000. Kafin 1978 ya faɗo zuwa wajen tan 4,500. Daga baya adadin ya sake hawa har ya haura tan 38,000 a 1996, sai dai wannan hawan da walakin, domin kaso mai yawa na abin da aka kama warangi ne.

Da can da atalla ake kama warangi, wato ragar da ake nutsarwa a ɗaga, kuma ɓarnarta kaɗan ce. Sai aka shigo da dala, doguwar raga mai ido ƙanana kamar gidan sauro, wadda ake zagaye ruwa da ita a jawo ta zuwa gaɓa. Dala ba ta zaɓe. Bakin gaɓa kuwa nan ne 'ya'yan ƙarfasa da faliya da shi kansa giwan ruwa suke girma, sai ta kwaso su duka tun ba su kai ko'ina ba. Ɓarnar ta zama biyu ke nan: an rage wa maharba abinci, an kuma kwashe 'ya'yansu. Mai kalli da mai ƙugiya su ne suka fara ji a jikinsu, kuma an sha samun saɓani tsakaninsu da masu dala. A ƙarshen shekarun 1990 jihohin Neja da Kebbi suka haramta ta, tare da taimakon wani shiri na haɗin guiwa tsakanin Nijeriya da Jamus da cibiyar binciken kifi da ke Sabuwar Busa, aka kuma sa sarakuna da sarakunan ruwa cikin aikin tsaro. Wannan dabara ta sa sarakunan ruwa ita ce mafi hikima a cikin shirin, domin tun kafin zuwan doka ta takarda su ne ke da ikon rufe ruwa da buɗe shi. Sai dai mai dala shi ma yana da iyali, ga busasshen warangi yana da kasuwa a wurin masu miya da masu haɗa abincin kaji, don haka hana ta bai taɓa zama abu mai sauƙi ba.

Ta fuskar harshe ma akwai asara. Kifin da ya daina zuwa kasuwa, sunansa kan fita daga bakin yara. Ɗalibai da yawa a birane a yau ba su san wani kifi ba sai tarwaɗar kiwo da na ƙanƙara, kuma idan aka ce musu yauni ko ramboshi ko shemani sai su ɗauka baƙon harshe ne.

6.7 Aiki

Kowane ɗalibi ya ziyarci kasuwar kifi ko mashayar da ta fi kusa da shi, ya nemi izinin sarkin ruwa ko shugaban masu sayarwa, ya tattaro sunayen kifaye goma da na kayan su biyar kamar yadda ake furta su a wurin, tare da nuna karin sauti da tsawon wasali. A gaban kowane kifi a rubuta abin da yake ci da lokacin da aka fi kama shi, kamar yadda masuncin ya faɗa, ba kamar yadda littafi ya ce ba. Inda sunan da aka ji ya saɓa da wanda ke cikin wannan babi, a rubuta duka biyun, a kuma ambaci garin da aka ji shi. Daga cikin abin da aka tattaro, a tsara darasi na minti 35 don 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare.